Su Ma Suna Lashe Amansu, Amma Ba Irin Namu Ba

Ba ni ya kamata in je taron ba. Duk abin da ya shafi makarantar yara uwargida ce ke zuwa, ita ta san malamai da sunayensu, ni iyakacina in raka su bakin ƙofa in juyo. To ranar tana aikin dare a asibiti, sai ta manna min takardar gayyata a jikin firji, ta ja layi biyu a ƙarƙashin ƙarfe shida. Haka na zura rigar sanyi na fita cikin yayyafin nan na Manchester, wanda ba ya dukanka kuma ba ya ƙyale ka, ina tafe ina mita. Hunturu ne, tun ƙarfe huɗu gari ya yi duhu kamar bayan isha'i.

Saboda wata tsohuwa aka kira taron, kuma dole in tsaya in kwatanta muku ita, don a gida ba mu da irinta. Kullum safe da lokacin tashi za ka same ta a bakin titin makaranta, sanye da doguwar riga ruwan ɗorawa mai ƙyalli, da hula, da wata sanda da ta fi ta tsawo. A kan sandar akwai faifai zagayayye da hoton yara biyu, shi ya sa Turawan suke kiranta da sunan alewa mai tsinke. Aikinta ke nan: idan yara sun taru, ta shiga tsakiyar titi ta ɗaga sandar, motoci su tsaya, yara su tsallaka. Doka ce, direban da ya ƙi tsayawa ya yi laifi. Na taɓa ganinta ta tsayar da bas mai hawa biyu da tirela a bayanta saboda yaro ɗaya tal mai jan ƙafa, ba wanda ya danna hon. Ta san sunan kowane yaro. Sunan 'yata ta yi shekara guda tana karya shi kafin ta iya, amma ba ta fasa kira ba. Ƙaramar hukuma ke biyanta, kuɗin ma ba wani na a zo a gani ba. Sai ƙaramar hukumar ta ce aljihu ya yi rami, kuma doka ba ta tilasta mata ɗaukar irin waɗannan ma'aikata ba, don haka za a sallame ta ita da sauran takwarorinta.

A zauren da yara ke cin abinci aka yi zaman. Ƙamshin dafaffen dankali da maganin goge daɓe bai gama fita ba. An jera kujerun yara na roba, ga butar shayi da biskit a gefe, kowa ya haɗa wa kansa. Mun kai mu sittin. Kansilan da ke kula da harkar ya makara da minti goma, ya shigo da jiƙaƙƙiyar riga da jakar goyo, ya ba da haƙuri wai ya rasa wurin ajiye mota. Ba wanda ya miƙe masa. Babu babban teburi, babu mai gabatarwa da zai kwashe rabin awa yana jero manyan baƙi. Ya jawo kujerar yara ya zauna, gwiwoyinsa sun kusa taɓo ƙirjinsa.

Wata mata da jariri a kafaɗa ce ta fara. Ba ta ce masa ranka ya daɗe ba, da sunansa na yanka ta kira shi. Ta tambaye shi ko ya taɓa tsayawa a titin nan ƙarfe takwas da rabi na safe. Ya ce a'a. Ta ce to gobe ya zo, za ta ba shi aron ɗanta ya tsallakar. Mutumin ya yi bayani, kuma in za a faɗi gaskiya bayaninsa ba shirme ba ne: mafi yawan kuɗin ƙananan hukumomin ƙasar nan kula da tsofaffi da yara marasa gata da masu buƙata ta musamman ke cinye shi, abin da ya rage shi ake yagewa. Ya ce idan ba a yanke nan ba, ku faɗa min inda za a yanke. Sai wani dattijo daga baya ya ce a fara da alawus ɗinku. Aka kwashe da dariya, har shi kansilan. Ni kuwa na shige cikin 'yar kujerata kamar ni aka zaga. Wallahi sau biyu ina waiwayar ƙofa, jikina yana ba ni yanzu wasu za su shigo su tarwatsa wurin. Shekara bakwai ina ƙasar nan, amma jiki bai manta inda ya fito ba.

Bayan mako uku takarda ta zo a jakar yara. An janye shawarar. Tsohuwa tana nan.

Na tsallaka wurin maƙwabcina, wani tsohon direban bas da ya yi ritaya, ina murna kamar ni na ci zaɓe. Ya taɓe baki ya ce ai ba don Allah suka yi ba, watan Mayu akwai zaɓen kansiloli, tsoro suka ji. Ya kira abin da wata kalma ta direbobi da suke yawan jifan 'yan siyasa da ita, wato mutum ya karya kan mota ya koma inda ya fito. Mu da Hausa sai mu ce ya yi amai ya lashe. A wurinsa zagi ne. Sannan ya dube ni ya ce, ku a ƙasarku idan gwamnati ta canza magana a kan makarantu, yaya kuke yi da ita?

Kun san me na ce masa? Na ce ai mu ma ilimin firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole, doka ce tun 2004. Ya gyaɗa kai ya ce madalla. Ban yi ƙarya ba, dokar tana nan a rubuce. Amma na dawo gida da ɗacin baki irin na wanda ya rantse a kan abin da ya san ba haka yake ba.

Abin da maƙwabcina ya raina, wato tsoron zaɓe, shi ne ya hana ni barci. Shi bai ɗauke shi a bakin komai ba saboda a ciki aka haife shi.

Ku dubi abin da ya faru a 2020. Gwamnatin Boris Johnson ta ce ba za ta ci gaba da ba yaran talakawa takardar sayen abinci a lokacin dogon hutu ba. Fam 15 ne a mako ga kowane yaro, yaran kuma sun kai miliyan 1.3. Sai Marcus Rashford, ɗan ƙwallon Manchester United, lokacin yana da shekara 22, ya rubuta wa 'yan majalisa buɗaɗɗiyar wasiƙa ranar 15 ga Yuni. A unguwar Wythenshawe ya tashi, nan kudancin garin, kuma da abincin makaranta ya girma, ya san yunwar da yake magana a kai. Washegari, 16 ga wata, gwamnati ta janye, ta ware fam miliyan 120. Kwana ɗaya. Da kaka ta yi suka sake gwadawa, har aka kaɗa ƙuri'a a majalisa aka ƙi. Sai masu gidajen abinci da masu shagunan shayi a faɗin ƙasar suka fara sanarwa cewa duk yaron da ke jin yunwa ya zo ya ci kyauta. Kunya ta ishi gwamnati, a watan Nuwamba Firayim Minista da kansa ya ɗaga waya ya kira yaron nan ya ce an amince. A watan Agustan shekarar ma haka aka yi da sakamakon jarrabawar gama sakandare. Saboda korona ba a zauna jarrabawa ba, sai aka ba kwamfuta lissafi ta daidaita makin da malamai suka bayar, ta rage darajar kusan kashi 40 cikin 100 na sakamakon, kuma yaran unguwannin talakawa suka fi shan dukan. Ranar 13 ga wata sakamako ya fito, ɗalibai suka fito titi, ranar 17 ministan ilimi Gavin Williamson ya ba da haƙuri aka koma makin malamai.

Wanda kuma ya juya ta ɗaya ɓangaren, wato ya ci amanar alkawari, an nuna masa iyakarsa. Kafin zaɓen 2010 Nick Clegg, shugaban jam'iyyar Liberal Democrats a lokacin, da 'yan jam'iyyarsa sun sa hannu a takarda, ana ɗaukarsu hoto, cewa ba za su yarda a ƙara kuɗin jami'a ba. Suna shiga gwamnatin haɗaka aka ninka shi kusan sau uku, daga fam dubu 3 da 'yan kai zuwa dubu 9. A 2012 ya fito a bidiyo yana cewa a yafe masa, matasa suka ɗora wa ban haƙurin kiɗa suka mayar da shi abin dariya. Zaɓen 2015 na zuwa, jam'iyyar da ke da kujeru 57 ta tashi da 8. Bayan shekara biyu shi ma ya rasa tasa a Sheffield. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Kansilan nan da ya zauna a kujerar yara ya san wannan labari, ko bai faɗa ba.

Kada a ce na mayar da su waliyyai. Keir Starmer ya yi alkawarin soke kuɗin jami'a lokacin da yake neman shugabancin jam'iyyar Labour a 2020, ya janye a 2023, ya hau mulki kuma kuɗin ya ƙaru zuwa fam 9,535. Williamson ɗin da ya jagwalgwala jarrabawar yara daga baya lambar girma aka ba shi. A 2010 an soke shirin sake gina makarantu fiye da 700 da sunan tsimi, sai ga shi a 2023, ana saura kwanaki a koma hutu, aka rufe gine-gine a makarantu sama da 100 saboda rufinsu na wani kankare mai ruɓewa ne. Jami'o'insu kuma da kuɗin 'ya'yanmu baƙi suke cike giɓi, mu biya ninki biyu ko uku, sannan a fito talabijin a ce mun yi yawa. Duk na sani. Amma ko wannan ruɓaɓɓen rufin, rufe ajin aka yi kafin ya faɗo kan yara. Ni na yi aji huɗu a ɗakin da iska ta yaye kwanonsa, har na gama firamare ba a mayar ba.

Mu ma ai muna juyawa, har mun fi su. Bambancin shi ne daga ina juyawar take zuwa. Tasu yawanci daga ƙasa take tasowa, iyaye su yi ihu, na sama ya ji tsoro. Tamu daga sama take faɗowa, kuma dalilinta ɗaya ne: wanda ya kawo abin ya tashi daga kujera. Sarki goma zamani goma. Makarantun tsangaya na zamani sama da 150 da aka gina zamanin Jonathan, tun daga ta Gagi a Sakkwato a 2012, kowa ya san yadda yawancinsu suka ƙare. Ciyar da 'yan firamare da aka fara a 2016 da naira 70 kan kowane yaro, a Janairun 2024 aka dakatar, shiru kake ji wai malam ya ci shirwa. A Kano wannan ya tura ɗalibai waje, wancan ya zo ya tsayar, na bayansa ya dawo da shi, kuma kowane mataki sai ka duba launin hula kafin ka gane dalili. A jiharmu ta Kaduna an lafta kuɗin jami'ar jiha a 2021, ɗalibai suka yi kuka har suka gaji, ba a saurare su ba. Sai da sabon gwamna ya hau a 2023 ya rage, aka yi ta godiya. Na ji daɗin ragin, amma kyauta ce aka yi mana, kuma mai kyauta yana iya fasawa. A 2024 minista Tahir Mamman ya ce sai ɗan shekara 18 zai shiga jami'a, aka sauke shi, Tunji Alausa ya zo a watan Nuwamba ya ce 16. Yaron da ke aji shida na sakandare a shekarar, da shi da ubansa, ba wanda ya tambaye su komai, sauraron rediyo kawai suke yi su ji yadda rayuwarsu ta kwana.

Zan yarda da guda ɗaya. Dokar bashin ɗalibai da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta zo da sharuɗɗan da ɗan talaka ba zai iya cikawa ba, aka yi ca, aka soke ta aka kawo sabuwa a Afrilun 2024. Wannan gyara ne, kuma na san yaran da suka amfana. Sai dai guda nawa ne irinta?

Maganar babu kuɗi kuwa, kansilan nan ma ya faɗe ta, amma ya buɗe littafi ya ce ku nuna min inda zan yanke. Mu wa ya taɓa buɗe mana? UNESCO na ba da shawarar kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na kuɗin gwamnati ya tafi ilimi, kasafin tarayya shekara da shekaru bai kai 10 ba. A shekarar da aka ce a ɗaure ciki saboda cire tallafin mai, a ita aka sayo wa 'yan majalisa manyan motoci. A 2024 an saka naira biliyan 90 a tallafin aikin Hajji. Na san wannan zai sosa wa wasu rai, ni ma ina roƙon Allah Ya kai ni, amma Hajji ga mai iko aka wajabta, yaron da ke zaune a ƙasa kuwa ba shi da wani ikon. Da a zauren dankalin nan ne, da wata mai goyo ta miƙe ta yi tambaya.

Na san abin da za a rubuto min. Ka gudu ka bar ƙasa, kana shan shayi da biskit kana zagin gida. Wasu za su ce wankin tsofaffin Turawa ya sa ka manta asalinka. To ku faɗa. Ni yajin aikin malaman jami'a na 2013 ya ci min kusan wata shida ina zaune a shagon kawuna ina auna shinkafa. Na 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur, a kan yarjejeniyar da aka sa wa hannu tun 2009, shi ya cinye karatun ƙanwata. Tana aji biyu aka tafi, zaman ya yi tsawo, manema suka matsa, aka ɗaura aure, ba ta koma ba. Wata takwas yara suna gida ba kujerar da ta girgiza, a nan kuwa tsohuwa mai sanda ta sa kansila ya kasa barci. Kuma duk ƙarshen zango ni ake turo wa lissafin kuɗin makarantar yara biyar da ba ni na haife su ba, ina biya ban taɓa ƙorafi ba. Wanda ke biya yana da bakin magana, ko daga ina yake.

Juyawar da ta fi ci min rai ita ce ta harshe. A ƙarshen 2022 minista Adamu Adamu ya sanar cewa za a koyar da yara da harshen uwa a shekaru shida na firamare. Na yi murna har na tura wa mutane labarin. Ba sabon tunani ba ne, tun shekarun 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya gwada shi da Yarbanci a Ife, yaran suka fi takwarorinsu, har a Turancin. A Nuwamban 2025 aka ce an soke, a koma Turanci zalla, wai yara suna faɗuwa jarrabawa. Shekara uku. Yaron da ya shiga aji ɗaya da dokar bai ma kai aji huɗu ba, wace jarrabawar WAEC ya faɗi?

A daren na kira yayana, malamin firamare ne a wani ƙauye bayan Zariya, shekararsa ashirin da ɗoriya yana riƙe da alli. Na fara zuba kamar ni aka yi wa. Ya bar ni na gama, ina jin kukan akuya da rediyo a bayansa, sannan ya yi dariya.

"Bature ke nan. Wace dokar? Mu da Hausa muke koyarwa kafin a yi ta, da Hausa muke bayan an soke ta. Da aka ce a fara ba wanda ya aiko mana littafi ko ɗaya. Da aka ce a daina ma a rediyo na ji. Yara casa'in a gabana, rabinsu ba su karya ba, in yi musu Turanci su gane me?"

Na ce, "Yaya, ai shi ne abin haushin. Ya kamata ku taru, iyaye su je su sami kansila."

"Kansila?" Ya sake dariya, wannan karon har da tari. "Shi ma albashinsa yake jira. Kai dai bar wannan. Ina amaryata? Ba ni ita mu gaisa, in ji Hausar da kake wa faɗa."

Na miƙa wa 'yata wayar. Shekararta takwas. Ta ce ina wuni. Ta ce lafiya lau. Ya tambaye ta me ta ci da rana, ta ɗago ta dube ni. Ya sake tambaya a hankali, kalma ɗaya ɗaya, irin yadda yake yi wa 'yan aji ɗaya. Ta ba shi amsa da Turancin mutanen Manchester, wanda ko ni wani lokaci sai na ce ta maimaita, sannan ta ajiye min wayar a cinya ta koma kan zanenta. Yaya bai ce komai a kai ba. Ya ce a gaida mutan gida, ya ce Inna tana tambaya ko bana za mu zo da sallah. Na ce in Allah Ya yarda. Bara ma haka na ce.

Ba minista ne ya soke Hausa a gidana ba. Da muka zo, wata malama ta ce mu riƙa yi mata harshenmu a gida, yana taimaka wa yaro, har takarda ta ba mu. Ni ne na ga kamar zai rikita ta, na ce a bari ta kama Turanci tukuna, daga baya a dawo. Uwarta ta yi magana sau biyu ta ƙyale ni.

Da safe na ce ni zan kai su. Muna tafe na ce ta ƙirga min taku da Hausa, kowane goma in ba ta alewa. Ta fara da ƙarfinta, ɗaya, biyu, uku, tana tsalle a kan jiƙaƙƙen daɓe. A bakwai ta tsaya, ta tambaye ni da Turanci me ke biye. Na ce takwas. Daidai nan muka iso bakin titi, tsohuwa ta hango ta, ta kira sunanta daidai yadda Inna ke kira, ta shiga tsakiya ta ɗaga sanda. Motoci suka tsaya. Yarinyar ta saki hannuna ta ruga wurin ƙawayenta, ba ta kai tara ba.